Kunyar Da Na Bari

Gabas da Gadarif, inda laka take baƙa kamar gindin tukunya,
nan kakata Tasalla ta yi noma shekara hamsin da 'yan kai,
har ƙotar fartanya ta ɗauki siffar tafinta.
Gonarta ba ta san layi ba.
Dawa a tsaye, wake na bin sawunta,
riɗi a gefe, yakuwa ta zama shinge,
kuɓewa uku ko huɗu inda ake ajiye tulu.
Gawo biyu a tsakiya, ta hana a sa musu gatari,
wai sun riga kakanninmu sauka a nan.

Bayan gonar akwai fili wanda ba na kowa ba.
In shamuwa ta iso, ruwan fari ya biyo bayanta,
kwana goma sai ƙasa ta ci ado:
tafasa ta yafa ruwan ɗorawa, gasaya ta yi fari fat,
yaryaɗi ya buɗe ido da safe, ya runtse kafin azahar,
ƙamshin ɗoɗɗoya ya bi zanen mata har tsakar gida.
Kawu Shekarau na da amya tara a kan dakwara,
zumarsa in ka lasa, ka lashi filin nan gaba ɗaya.
Tasalla na kiran kowace ciyawa da Hausa,
maƙwabciyarta Bakhita ta maimaita da Larabci,
su yi ta musu kan wadda ke kashe ciwon ciki
har butar gahawa ta huce.

Yau ni ke tuƙa tarakta.
Fadan dubu na wani attajiri da ban taɓa ganin fuskarsa ba,
dawa iri ɗaya daga nan har inda ido ya gaji.
Ba gawo, ba tururuwa, ba fakarar da za ta firgita ka.
Mun yi feshi bara, mun yi bana.
Dakwarar Kawu ta tafi birni cikin buhun gawayi.
Ba na zagin aikin, shi ke saya wa yarana takalma.

Daren da aka ce in buɗe filin bayan gona,
da fitila na shiga, don rana ba ta ishe mu ba.
Faranti ya nutse, ƙasa ta juya,
sai ƙamshin ɗoɗɗoya ya taso ta cikin hayaƙin mai,
ya same ni a kan kujera
kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.
Na kashe injin.
Gyare ma ya yi shiru.

Makon da ya wuce 'yata Asabe ta tambaye ni,
Baba, gasaya tsuntsuwa ce?
Na yi dariya a lokacin.

Na tada injin, na zagaya, na bar kunya guda,
faɗinta bai fi taki shida ba,
ta bi bakin kwari har kan iyakar Tasalla.
Wakili ya auna da safe, ya zaftare mini ladan yini biyu,
ya ce da alama barci ya sace ni.
Na ce haka ne.

Bana na kai Asabe wurin bayan ruwa na uku.
Tafasa ta fito, gasaya tara, na ƙirga,
da wata 'yar shuɗiya da na manta sunanta,
kuma babu sauran wanda zan tambaya.
Ƙudan zuma biyu sun zo, ban san daga ina ba.
Asabe ta durƙusa tana tara iri a bakin mayafinta,
ta ce za ta zuba a bayan ɗaki, kusa da randa.
Na ce ta bar rabi.